Biyar da Biyar, Amma Ba Ɗaya Ba

Da aka ce mu ne da rubutun wannan makon, mun daɗe muna juya abin da za mu kawo. A ƙarshe muka tsaya a kan wani abu da ya same mu a hanyar Birnin Tsaba zuwa Ƙaura Namoda, wanda har yau idan muka tuna shi sai kunya ta rufe mu. Labarin tayar mota ne, da noti biyar, da wata 'yar tazara da ba ta wuce ƙwayar gero ba.

A shekarar da abin ya faru ba mu daɗe da gama difloma a fannin kanikanci ba. A gidanmu ba a taɓa samun wanda ya yi wannan karatun ba, saboda haka sunanmu na yanka ya ɓace, kowa Injiniya yake kira. Rediyo ya lalace, a kira Injiniya. Injin niƙa ya tsaya, a kira Injiniya. Mu kuma muna amsawa, har da ɗan gyaran murya. Wanda ya fi kowa jin daɗin sunan shi ne Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, direba ne da ya haura shekara ashirin yana jigila tsakanin Ƙaura da Zurmi, ranar Alhamis kuma ya leƙa kasuwar Shinkafi. Motarsa Volkswagen Sharan ce, wadda kowa a tasha ke kira Sharon. Da kuɗin wannan motar ya biya mana rabin kuɗin makaranta, kuma bai taɓa yi mana gori ba.

Ranar da muke magana, damina ce, bayan la'asar. Yayarmu ta kwana biyu tana naƙuda a gida, unguwarzoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a tafi asibiti a Ƙaura. Aka shimfiɗa mata tabarma da zani a kujerar tsakiya, Inna ta riƙe kanta, mijinta ya zauna a baya, mu muna gaba kusa da Kawu. Duk wanda ya san yankinmu a 'yan shekarun nan ya san ba a son magariba ta riski mutum a kan hanya. Ba sai mun yi dogon bayani ba. Kawu yana tuƙi yana duban rana.

Ba mu yi nisa sosai ba muka faɗa wani rami da ruwa ya rufe, tayar gaba ta dama ta fashe. Kawu ya riƙe sitiyari da ƙyar ya gangara gefe. Da ya ciro safaya sai ya tarar babu iska a cikinta ko kaɗan. Ya daɗe bai duba ta ba. Bai ce komai ba, ya dai dafa motar ya sunkuyar da kai, daga ciki kuma muna jin Inna tana yi wa Yaya sannu.

Motoci biyu suka wuce ba su tsaya ba, kuma ba mu ga laifinsu ba. Ta uku, wata Toyota Sienna cike da fasinja, ta wuce mu kaɗan sannan ta dawo da baya. Direban matashi ne, ya san Kawu a tasha. Da ya ji akwai mai naƙuda bai tsaya tambaya ba, ya ciro tasa safayar ya gangaro da ita.

Kawu ya dube ta ya girgiza kai. Ya ce, “Wagga ba ta shiga. Ta Siyana ce.”

A nan ne muka sa baki. Muka tsuguna, muka ƙirga ramukan rim ɗin Sienna da yatsa, biyar. Muka ƙirga na Sharon, biyar. Muka ce, “Kawu, ku duba, biyar da biyar ne. Za ta shiga.”

Ya ce, “Ka tabbata, Injiniya? Ni dai tun da nike ban ga anka yi ba.”

Muka ce mun tabbata. Gaskiya ita ce ba mu tabbata da komai ba. Muna jin nishin Yaya, muna ganin rana tana yin ja, kuma ga fasinjojin Sienna sun sauko sun kewaye mu suna jiran abin da mai karatu zai ce. Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mana sifana. Shekara ashirin ɗinsa a kan hanya ya ajiye saboda takardarmu ta shekara biyu.

Aka ɗaga motar da jak, muka ɗora rim ɗin. Ya zauna a kan hob ba tare da gardama ba, har da ɗan wasa. Noti na farko ya shiga lafiya. Na biyu ya shiga. Na uku ya ɗan cije amma ya tafi. Na huɗu ya shiga a karkace, muka zura bututun ƙarfe a hannun sifana muka hau kai da ƙafa har ya ɗaure. Na biyar ya ƙi sam, bakin ramin ya rufe gefen zaren. Muka jefa shi a aljihu muka ce huɗu sun isa su kai mu Ƙaura. Direban Sienna ya ce zai biyo mu a baya don ya karɓi tayarsa idan mun isa.

Da farko shiru, har mun fara jin kanmu. Bayan 'yan kilomitoci sitiyari ya soma rawa a hannun Kawu. Sai wata ƙara daga ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, tana bin juyawar taya. Muka ce wataƙila dutse ne ya maƙale. Kawu bai ko dube mu ba, ya ɗauke ƙafa daga totur, ya bar motar ta rage gudu da kanta, ya taka birki a hankali kamar mai taka ƙwai. Da muka sauka muka tarar notin da muka hau da ƙafa ya karye, kansa ya tafi, guntunsa yana cikin hob. Biyu daga cikin sauran ukun sun kwance har ana juya su da yatsa. Ramukan rim ɗin sun tashi daga zagaye sun koma kamar ƙwai, gefensu yana ƙyalli saboda gugar ƙarfe. Noti ɗaya ne ke riƙe da tayar gaba ta motar da ke ɗauke da mace mai naƙuda.

Abin da ya faru bayan nan shi ne ya fi tsaya mana a rai. Wata tsohuwa daga cikin fasinjojin Sienna ta leƙo ta taga ta ce, “Ku mi kuke yi haka? Ku ɗauko yarinyar ku sa ta nan mana.” Nan take maza uku suka sauka suka bar kujerunsu. Aka ɗauki Yaya aka sa ta a Sienna tare da Inna da mijinta, motar ta tafi. Duka abin bai ɗauki minti biyar ba. Tun tsayuwar farko wannan mafitar tana gabanmu, amma mun sa ido a kan taya, mun manta cewa mutum ake son kaiwa asibiti, mota kuwa ko gobe ta iso. Kusan rabin awa muka ɓata muna kokawa da noti.

Mu da Kawu da mutanen nan uku muka zauna a bakin hanya. Kawu ya buga wa wani abokinsa mai Sharon waya, ya taso daga Ƙaura da safaya da noti. Kafin ya iso duhu ya fara shiga, babu mai magana a cikinmu, kowa yana kasa kunne ga daji. Da ya iso aka ɗora tasa, ta zauna daram, aka ɗaura huɗu tun da ramin na biyar guntu ya toshe shi, muka lallaɓa muka shiga gari bayan isha'i. A ƙofar asibiti Inna ta tare mu da labarin an yi wa Yaya aiki, an ciro 'ya mace, dukansu suna raye. Kawu ya zauna a ƙasa a wurin. Har ranar bai ce mana uffan a kan tayar ba, kuma shirun nan ya fi mana zagi ciwo.

Washegari muka kai motar wurin wani dattijo mai faci a Ƙaura, wanda gefen rumfarsa akwai bakanike. Bakanike ya shiga aikin ciro guntun noti, mu kuma muka tsaya muna ba dattijon labari, muna ƙoƙarin nuna cewa ramukan biyar ne da biyar. Ya saurare mu har muka gama. Sannan ya miƙa hannu ya sauko da wasu kwalaye da ke rataye a ƙusa, an yanka su zagaye kamar faifai, kowanne da ramuka, kowanne an rubuta masa suna da gawayi ko biro: Golf, Fijo, Sharon, Siyana, Hayis. Ya ce duk motar da ta fara zuwa masa yakan ɗora kwali a kan rim ya danna da babban yatsa mai baƙin mai, ya huda inda shaida ta fito. Ya ɗauki na Sharon da na Sienna ya haɗa su, ya daidaita rami ɗaya, ya ɗaga su sama ya ce, “Duba nan, ɗana.” A ramin da ya daidaita hasken rana ya wuce zagaye. A na kusa da shi hasken ya ɗan tsuke. A na can nesa kuwa gefen kwali ya ci wani yanki na hasken, kamar wata ya kwana biyu da fara raguwa.

Ya ce, “Kama da wane ba wane ba ce. Wadda ta ƙiya tun farko ba ta kashe kowa. Wadda ta kusa shiga ita ka kisa.”

Abin da ya ƙara mana kunya shi ne mun san wannan a takarda. A darasin zanen injiniya an koya mana cewa idan ramuka suka kewaye wata cibiya, akwai da'irar da ke ratsa tsakiyar kowane rami, kuma faɗin wannan da'irar shi ake rubutawa a zane. Masu sana'ar suna taƙaita sunanta da haruffa uku, PCD. Mun zana ta da kamfas, mun ci jarrabawa a kanta, amma ba mu taɓa haɗa ta da tayar motar Kawu ba. Daga ranar muka koma muka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, kuma ga abin da ya kamata a ce mun sani kafin mu buɗe baki.

Ana rubuta tsarin ramukan rim da lamba biyu: yawan ramuka, da faɗin da'irarsu a milimita. Na Sharon 5x112 ne, wato rami biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112. Na Sienna 5x114.3 ne. Bambancin milimita 2.3 ne kacal, ido ba ya ganinsa a bakin hanya. Wannan 114.3 ɗin da ya zo da ɗigo asalinsa awon inci ne, inci huɗu da rabi, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne. Haka 139.7 na Hilux da Hiace masu rami shida, inci biyar da rabi ne. Jamusawa kuwa da milimita suka yi nasu lissafin, shi ya sa lambarsu ta fito cif. Wato rigimar da muka yi da noti a bakin daji ta samo asali ne daga ma'auni biyu da aka yi amfani da su a ƙasashe daban-daban tun kafin a haife mu.

Sienna ba ita kaɗai ke da 5x114.3 ba, Camry ma haka, da Honda Accord masu rami biyar. Sharon kuma tana da 'yan'uwa na jini, Ford Galaxy da Seat Alhambra na farko, waɗanda aka fara ƙerawa tare da ita a masana'anta ɗaya a ƙasar Fotugal a tsakiyar shekarun 1990. Marsandi ma 5x112 ce. A ɓangaren masu rami huɗu, Golf 2 da yawancin Golf 3 da suka cika tashoshinmu 4x100 ne, haka tsofaffin Corolla da Civic da Opel Vectra ta farko. Peugeot 406 kuwa 4x108 ce, tsohuwar 504 kuma 4x140. Idan ka ɗora rim ɗin 406 a kan Golf, tazarar milimita takwas ce, noti na biyu ma ba zai yarda ba, dole ka haƙura. Wannan ita ce wadda dattijo ya ce ba ta kashe kowa.

Amma ko lambobin nan biyu sun dace, magana ba ta ƙare ba. Akwai babban ramin tsakiya, wanda ke zama a kan ƙullutun hob ya daidaita tayar a cibiya. Na Golf milimita 57.1 ne, na tsohuwar Corolla 54.1. Dukansu 4x100 ne, amma rim ɗin Corolla ba zai hau Golf ba domin raminsa ya yi ƙanƙanta, na Golf kuwa zai hau Corolla ya bar sarari. Shi ya sa za ka ji direbobi na cewa mai Golf yana ba mai Corolla aro amma ba ya karɓa. A namu lamarin, ramin tsakiyar rim ɗin Sienna 60.1 ne, hob ɗin Sharon 57.1. Wasan da muka ji lokacin da muka ɗora shi, har muka ɗauka alamar ya shiga ce, tazarar milimita uku ce da ta bar tayar ba ta da abin da zai tsayar da ita a cibiya.

Sai kuma notin kansa. A Toyota, ƙusoshi masu zare suna tsaye a jikin hob, kaurinsu milimita 12, noti ake ɗaurawa a kansu. A Sharon notin ne ke da doguwar jela mai zare, kaurinta milimita 14, ita ke shiga cikin hob. Mun tura jela mai kauri ta ramin da aka yi don siririya, kuma ramin ba ya kan layi. Wuyan notin Volkswagen, inda yake zama a bakin rami, a kumbure yake kamar gindin ƙwarya. Bakin ramin rim ɗin ƙarfe na Toyota kuma a gangare yake kamar mazurari. Gindin ƙwarya a cikin mazurari ba ya zama, layi ɗaya siriri kawai suke taɓa juna. Bayan waɗannan akwai zurfin rim, wanda ake bugawa a jikinsa da haruffan ET da lamba, shi ke nuna ko tayar za ta shige ciki ta goga birki ko ta fito waje ta goga jikin mota. Akwai kuma girman rim ɗin, 14 ko 15 ko 16, domin ƙarami ba ya rufe babban birki.

Dalilin karyewar notin ma mun gane shi daga baya. Yawancinmu muna ɗauka noti ne ke ɗauke da nauyin mota kamar yadda ƙusa ke ɗauke da riga. Aikinsa na gaskiya shi ne ya matse rim a jikin hob da ƙarfi sosai, har fuskokin biyu su kama juna su zama kamar abu ɗaya. Idan notin ya zauna a karkace, matsewar ba ta cika, rim ya fara motsi kaɗan-kaɗan, nauyin motar ya koma kan jelar noti yana lanƙwasa ta. Kewayen tayar irin wannan mota kusan mita biyu ne, wato tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita. A kowane juyi ana lanƙwasa notin a sake shi. Duk yaron da ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya san ƙarshen wannan. Tsayuwar da muka yi a kan sifana da ƙafa ba ta ƙara masa ƙarfi ba, ta dai fara karya shi tun kafin mota ta motsa.

Dattijon ya ce a zamanin ƙuruciyarsa ba a cika wannan rigimar ba, kuma da muka duba sai muka ga dalili. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma shekaru da yawa 504 ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ce a-kori-kura. Idan tayarka ta fashe, mai zuwa bayanka ma Fijo ce, safayarsa taka ce. Da aka koma sayen motocin hannu ta Kwatano, tasha ɗaya ta tara 'yar Jamus da 'yar Japan da wadda aka ƙera don kasuwar Amurka, kowacce da awonta. Halin taimakon juna a kan hanya yana nan yadda yake, motocin ne suka daina zama dangi. Mu mutanen Ƙaura ma muna da misalin wannan a ƙofar gida. Layin dogon da ya iso garin a 1929 faɗinsa milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuma 1,435. Dukansu jirgin ƙasa ne, amma taragon wannan ba ya hawa layin wancan.

Mun tambayi dattijon batun masu faɗaɗa rami da fayil, ko masu toshe ramuka da walda su huda sababbi, domin mun sha ganin ana yi. Ya nuna mana wani amalanken shanu da ke wucewa, an yi shi da gatarin tsohuwar mota da tayoyinta. Ya ce a can babu laifi, sa ba ya gudu, in ta kwance ma a tsaye za ta kwance. Amma motar da ke ɗaukar rai tana gudu a kwalta, ramin da aka ci da fayil ya rasa mazaunin noti, ƙarfen da aka yi wa walda kuma ba a san inda zai tsage ba. Ya ce shi ba ya yi, ko nawa za a ba shi, kuma ya rasa masu kawo masa aiki saboda haka.

Ga wanda zai sayi rim na hannu, a Ƙaura ne ko Gusau ko Ƙofar Ruwa a Kano, awon ba shi da wuya. Idan ramukan huɗu ne ko shida, a auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa, abin da ya fito shi ne faɗin da'irar. Idan biyar ne babu mai fuskantar wani, sai a auna tsakiyar rami zuwa tsakiyar maƙwabcinsa a ninka da 1.701. Na Sharon zai ba da kusan milimita 65.8, na Sienna 67.2. Kun ga tazarar ba ta kai milimita ɗaya da rabi ba, saboda haka rula ta makaranta tana iya yaudara. Kwalin dattijo ya fi ta gaskiya: a danna shi a kan rim ɗin motarka, a huda, a tafi da shi kasuwa. Wurin ɗaurawa kuma, kowane noti ya fara shiga da yatsa, ya yi juyi da yawa ba tare da sifana ba. Wanda ya nemi ƙarfi tun farko yana faɗa maka wani abu ne, ka saurare shi. A ɗaure su a tsallake, wannan sannan na can gefe, kada a bi su a jere. Bayan an yi 'yar tafiya a tsaya a sake taɓa su. Safaya kuma a riƙa duba iskarta ranar da ake duba ta sauran, domin da ta Kawu tana da iska da duk wannan labarin bai taso ba.

Asarar da aka yi ba kaɗan ba ce. An sake gyara zaren hob, an sayi sababbin noti, an biya direban Sienna rim ɗinsa da muka lalata, ko da yake sai da aka yi ta roƙonsa kafin ya karɓa. Kuɗin ya cinye abin da Kawu ya samu na kwanaki. Muka ce za mu biya idan mun sami aiki, ya ce mu bar maganar. Sai bayan suna, muna zaune a ƙofar gida da dare, muka samu muka ce masa, “Kawu, ku yi haƙuri. Mun ce mun tabbata, alhali ba mu tabbata ba.”

Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, “Laihin namu ne mu biyu. Kai ka faɗi abin da ba ka sani ba, ni kuma na bar abin da na sani.”

Mun yi ta tunanin wannan maganar. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma mun ɗauka a kanmu kaɗai karin maganar ta faɗa. Amma akwai wani abu a garuruwanmu da ya wuce mu. Iyayenmu sun sha wahala sun kai mu makaranta, saboda haka idan muka yi magana sukan yi shiru ko da sun fi mu sani, don kada a ce kuɗin ya tafi a banza. Mu kuma muna tsoron cewa ba mu sani ba a gaban mutane, don kada sunan ya zube. Tsakanin shirunsu da tsoronmu ne tayar ta kusa fita. Kawu ya san ba ta shiga amma bai san dalili ba. Mu an koya mana dalilin amma ba mu gane shi a bakin hanya ba. Da mun tambaye shi me ya sa ya ce haka, da wataƙila darasin kamfas ya faɗo mana a lokacin da yake da amfani.

Yanzu akwai kwali biyu a aljihun gaban motar Kawu, ɗaya na ramukan noti, ɗaya na ramin tsakiya, mu muka yanka su. A bayansu mun rubuta sunayen motocin da za su iya ba shi aro. Wasu direbobin tasharsu sun gani sun ce a yi musu, mun yi wa mai Golf, mun yi wa mai Hiace, kuma duk wanda muka yi wa sai mun fara kai kwalin wurin dattijo ya haɗa da nasa ya ɗaga a rana. Sau ɗaya ya dawo mana da wani ya ce mu sake, kuma da muka auna shi ke da gaskiya.

Yarinyar tana nan ta yi wayo, tana gudu a tsakar gida. An raɗa mata sunan kakarmu, amma Kawu 'Yar Siyana yake kiranta, kuma sunan ya bi ta. Mu ma har yanzu Injiniya yake kiranmu. Bambancin kawai shi ne idan ya ce, “Ka tabbata?” mukan tsaya mu duba kafin mu amsa, wani lokaci kuma mu ce a'a.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.